Tawul ɗin Auta

Zuwa ga Baban Zabuwa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni da maigidan da yara. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya ko a wace tasha jirgin ruwanku ya tsaya, kuma ciwon bayan da ɗakin inji ya sa maka ya lafa. Mu nan lafiya, sai godiyar Allah. Ina nan a ɗakin wankin otal ɗin, zannuwan gado ba sa ƙarewa. Kafin mu gama na jiya, na yau sun taru.

'Yarka tana nan yadda ka bar ta, bakin nan ba ya hutawa. Da marigayiya matarka, ƙanwata Auta, ta sa mata Zabuwa saboda surutu, ban san sunan zai bi ta har fata ba. Wasu ƙuraje ne suka fito mata a hammata da gefen ciki da bayan gwiwa. Ƙanana ne, masu sheƙi kamar duwatsun sarƙa, kowanne da ɗan rami a tsakiya sai ka ce cibiya. Ba zazzaɓi, ba kuka, cin abinci kuwa har ta fi maigidan. Maƙwabciyata ta ce ƙarambau ne, na ce ƙarambau ba ya zama wata biyu yana kallon mutum. Na ɗauka dauɗa ce, ka san ni, sai na ƙara gurza ta da soso safe da yamma kamar yadda nake wa wuyan riga. Maimakon su ragu sai ƙaruwa suke yi. Yanzu ga su sun fito wa tawa 'yar, Lukuta, a ƙirji. Zama da maɗaukin kanwa ke nan. Baho ɗaya suke shiga, ba mai iya raba su.

Ka tuna shuɗin tawul ɗin Auta, mai bakin da ya fara zarewa? Wanda na ɗauko daga ƙusar bayan ƙofarku ranar da muka kwashe kaya? In na gama yi musu wanka na tsane su, sai Zabuwa ta ce, “Inna, na Umma.” Sai in lulluɓe su su biyu a cikinsa, su yi ta dariya, kai biyu a waje kamar 'yan tsaki. Ban wanke shi ba tun rasuwar. Shanya shi kawai nake yi a inuwa, don har yanzu akwai ƙamshin man da take shafawa.

In na rungume su a cikinsa, sai ƙamshin nan ya buge ni. Wallahi ƙanena, akwai ranakun da nake jin abin ya fi ƙarfina, na kasa.

Ka ci abinci, kada ka ce sai aiki ya ƙare.

Ni ce yayarka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na gode da gaisuwa, ki gai da maigidan da Lukuta. Bayan ya yi sauƙi, mai dafa mana abinci ya taka mini shi da ƙafa, ban san ko magani ba ne ko tsohuwar gaba. Takardarki ta daɗe tana jirana a ofishin tasha, mu kuma iska ta tsare mu a teku.

Don Allah ki kai su asibiti, ki bar maganar maƙwabta. Ciwon Auta ma da “ba komai ba ne” ya fara.

Na karanta inda kika ce abin ya fi ƙarfinki, kin kasa. Na maimaita layin nan har takardar ta yi baƙi da man inji. Kin yi gaskiya, Yaya, ni ne ban yi tunani ba. Kina tsaye a kan inji tun safe, ki dawo ki tarar da yara biyu, ga shi kuma tawa ta shafa wa taki cuta. Na ɗora miki kaya na shige jirgi abina. Ko maigidan bai yi magana ba, ai kawaici ne.

Don haka na rubuta wa yayana. Matarsa, Maman 'Yan Biyu, za ta zo ta ɗauki Zabuwa idan an yi hutun makaranta. Gidansu akwai fili, ita kuma ba ta fita aiki. Kada ki ga kamar butulci ne. Abin da kika yi mana, Allah ne kaɗai zai biya ki.

Maganar tawul, ban iya karanta wurin sau biyu ba.

Ƙaninki,
Baban Zabuwa.

*

Baban Zabuwa,

Sallama da gaisuwa. Har yau ban ga amsarka ba, na san kuna kan ruwa. Mu lafiya, maigidan ne ya yi mura ta wuce. Ban jira ka ba, na kai yaran asibiti, kuma na ga abin da dole in ba ka labari.

Likitar mace ce, 'yar siririya, ta zauna a ƙasa tare da su. Ta duba, ta faɗi sunan ciwon, dogo ne da Turanci, kafin in kai ƙofa ya zube mini. Ta ce wata ƙwayar cuta ce, bairos, tana yawan kama ƙananan yara, ba ta da haɗari, kuma maganin sha ko allura ba sa kashe ta. Na ce to me za a yi? Ta ce, “Jira.” Na ce jira kuma, likita? Ta ce akwai ruwan da ake ɗiga musu, akwai kuma ƙona su da sanyi, amma da zafi, yana iya barin tabo, ga yara ƙanana. Jikinsu da kansa zai kore su, ko da zai ɗauki shekara ko fiye.

Sai ta miƙo mini gilashin nan mai ƙara girman abu, ta ce in duba. Ƙanena, na ga ikon Allah. Ƙurjin da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya zama kamar 'yar ƙwarya a kife, sumul, da wani farin abu a cikin ramin. Ta ce a cikin farin nan cutar take zaune, in ya fashe ya taɓa wata fata sai ya yi sabon gida. Fatar Zabuwa kuwa, ashe duk layi ne ƙanana a saƙe, ta fi zanen gado mafi tsada da na taɓa gogewa. Na riƙe gilashin har likita ta ce, “Baiwar Allah, akwai mutane a layi.”

Daga nan ta fara tambaya. Baho ɗaya? Na ce ɗaya. Soso? Ɗaya. Kina gurzawa? Kafin in buɗe baki 'yarka ta karɓe. “Inna tana gurza mu kamar tukunya! Umma ba ta gurzawa, dannawa take yi, haka.” Ta ɗora tafinta a kumatun Lukuta tana dannawa a hankali, a hankali. Hannun Auta ne sak, har yadda take karkata kai. Likita ta yi dariya ta ce, “To ga malamarki nan, ki bi ta.” Ni ban yi dariya ba, neman kujera na yi.

Ashe ni nake shuka su da sosona. Ni da nake wanke dauɗar baƙi ɗari, a gidana na kwance.

Ga dokokin. A yanke farce, kada a matse, kada a sosa. A rufe su da riga ko filasta in za su yi wasa da wasu yara. Makaranta kuwa ta ce su je abinsu. Wanka kowa nata, tawul kowa nata, a riƙa wanke shi da ruwan zafi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai na gaya mata labarin shuɗin tawul. Ta ce, “Allah ya ji ƙanta. Amma ko a wanke shi, ko a ajiye shi.”

Washegari na tafi da shi wurin aiki a cikin jaka. Na buɗe inji, na daidaita zafin ruwa, na tsaya. Abokiyar aikina mai guga ta ce, “Ke, wanzami ba ya son jarfa ko? Jefa mana!” Na san aikina, ƙanena. Na san abin da ruwan zafi yake yi wa ƙamshi, shi ake biyana in yi kullum. Na mayar da shi jaka.

Yanzu yana saman kabad. Na sayo musu sababbi biyu, na ɗinka wa na Zabuwa jan zare a baki. Tana yarda in tsane ta da shi, ina dannawa yadda ta koya mini, amma in an gama sai ta tsaya tsirara a gaban kabad tana kallon sama tana cewa, “Na Umma.” Kukan nan ya fi ƙurajen ci mini rai.

Yayarka.

*

Baban Zabuwa,

Gaisuwa. Muna lafiya. Takardarka ta iso jiya, ashe ta yi saɓani da tawa a hanya.

Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, sai da maigidan ya karɓe ta daga hannuna. Ya ce in gaya maka shi bai taɓa yin kawaici a kan Zabuwa ba, kuma in aka ɗauke ta wa zai riƙa cinye masa nama a kwano?

Haba ƙanena. Karatuna bai yi nisa ba, wataƙila ban iya jera magana ba. Da na ce abin ya fi ƙarfina, ai ba yarinyar nake nufi ba. Rashin Auta nake nufi. Ni na goya ta bayan rasuwar innarmu, ni na koya mata kitso da wanki da ɗaurin zane. Yarinyar nan ita ce abin da yake tayar da ni daga gado. Wa zan gaya wa na gaji da kewa in ba kai ba, da muka yi rashin tare?

Amma 'yarka ce, ba zan yi jayayya da kai ba. Kuma ba zan ɓoye maka ba, tun makon jiya ƙurajen hammatarta suka yi ja, suka kumbura, ɗaya har ya fashe ya yi ɓawo. Na bi duk abin da aka ce. Ban san inda na kuskure ba. In na dube su sai in tuna yadda aka riƙa ce mana “ba komai” a kan Auta. Wataƙila kai ne da gaskiya, hannuna ba shi da sa'a.

An kusa hutun makaranta. Na fara ninke mata kaya.

Yayarka.

*

Baban Zabuwa,

Assalamu alaikum. Shirunka ya yi yawa, Allah ya sa ruwa ne ya tsare ka ba fushi ba. Mu duka lafiya. Ka samu wuri ka zauna, takardar nan doguwa ce.

Maman 'Yan Biyu ta zo. Mutuniyar kirki ce, ga ban dariya. Tana shigowa ta ɗaga rigar Zabuwa, ta ga jan nan, ta ja da baya. “Innalillahi! Wannan zan kai cikin 'yan biyuna? Su da ko hamma ɗaya ya yi sai ɗayan ya kama?” Na ce dama gobe za mu koma asibiti, ta zo ta ji da kunnenta.

Na shiga ɗakin likita kamar mai laifi. Ta ɗaga hannun Zabuwa, ta taɓa goshinta, ta tambaya ko akwai zazzaɓi, ko jan yana yaɗuwa, ko yana mata zafi in an taɓa. Na ce babu ko ɗaya. Sai ta tafa hannu ta ce, “Madalla! Jikin ya gan su.”

Maman 'Yan Biyu ta ce, “Likita, da makaho ne?”

Ta ce kusan haka. Wai cutar wayo gare ta, a saman fata take zama, ta yi lamo, ba ta shiga jini, don haka jiki bai san da baƙo a gidan ba. Ran da ya farga sai ya tashi masu tsaronsa, su taru a wurin, shi ne jan da kumburin. Ta ce yawanci wannan alamar ƙarshensu ce. Kuma in jiki ya gane fuskar ɗaya, zai bi sauran har inda suke. Ta ce in dai na ga zazzaɓi, ko jan yana bazuwa, ko wani ya fito kusa da ido, in dawo da gudu. In ba haka ba, in wanke wurin a hankali, in rufe, in sa ido.

Na sa ido kuwa. Ƙanena, na bayan gwiwa, waɗanda ba wanda ya taɓa su, ba a shafa musu komai ba, suka fara ja ɗaya bayan ɗaya, suka bushe, suka faɗi. Wa ya kai musu labari daga hammata? Yarinyar da ba ta kai tsayin injin wankinmu ba, ba ta iya ɗaura igiyar takalmi ba, ashe a cikinta akwai masu gadi da suka san aikinsu ba wanda ya koya musu. Tana cikin surutunta suna yaƙi. Kullum da safe nakan ɗaga rigarta in ga inda aka ci gari, sai in rasa abin faɗa sai Subhanallahi. Wurin yakan bar ɗan duhu, likita ta ce zai washe. Na Lukuta ba su fara ba tukuna, ita komai nata sai ta gama nawa.

Saura tawul. Maman 'Yan Biyu ta kwana biyu a wurinmu, ni ina haɗa kaya. Na ce a raina yarinyar nan ba za ta bar gidan nan ba tare da tawul ɗin uwarta ba. Kuma ba zan aika shi cikin 'ya'yan mutane da cuta a jikinsa ba. Ka ga hanya ta zama ɗaya.

Ban kai shi inji ba. Na tafasa ruwa, na zuba a baho a bayan ɗaki, na ɗauko sabulun sanda, irin wanda na saba. Kafin in tsoma shi na sa fuskata a ciki, na daɗe. Sannan na wanke shi yadda nake wanki tun ina yarinya: a cuɗa baki da baki, a ɗauraye har ruwa ya fito fes, a karkaɗe, a shanya a rana tsaka. Da ƙamshin man ya taso cikin tururi ya tafi, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Maman 'Yan Biyu ta riƙe mini ɗaya bakin muka matse tare.

Da yamma ya bushe. Na yi wa Zabuwa wanka, na sauko da shi daga igiya da ɗuminsa. Na ce yau za ta ce na kashe mata uwa sau biyu. Na lulluɓe ta. Ta cusa hanci a ciki, ta ja numfashi, ta yi shiru. Zabuwa fa, shiru.

Sai ta ce, “Yauwa. Yanzu ya koma na Umma.”

Na ce, “Da fa?”

Ta ce, “Da warin Lukuta yake yi. Na Umma rana yake ƙamshi, da sabulu.”

Ƙanena, ka san Auta. Ta taɓa bari tawul ya kwana biyu bai ga ruwa ba? Yarinyar nan ba ta taɓa sanin tawul ɗin uwarta da wani ƙamshi ba sai na sabon wanki. Ni ina ta gadin ƙamshin mai, ita tana tsaye gaban kabad tana jiran wannan. Kuma wankin nan, da sabulun, da shanyar rana, ni na koya wa Auta su tana tsaye a kan kujera don hannunta bai kai igiya ba. Ashe abin yana hannuna duk watannin nan.

Maman 'Yan Biyu ta share ido da bakin mayafi ta ce, “Ni dai an aiko ni in ɗauko yarinyar da ta yi wa mutane yawa. Na duba ko'ina, ban gan ta a gidan nan ba.” Ta koma da safe ita kaɗai, ta ce sai ta ji daga bakinka. Jakar Zabuwa tana nan a ɗaure a bayan ƙofa, ban kwance ba. Maganarka muke jira.

Yayarka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ba fushi ba ne, injinmu ne ya lalace muka daɗe a wata tasha da ba a aiko mana wasiƙu can. Yau aka miƙo mini naki uku a haɗe. Allah ya taimake ni na karanta su a jere. Da ta tsakiyar kaɗai na samu, da na bar jirgin na biyo ƙasa da ƙafa.

Ki yafe mini. Kin miƙo mini kuka, ni kuma na ɗauko sufana zan gyara. Aikin ke nan da na iya.

Ki kwance jakar. Na rubuta wa yayana, na kuma gode wa Maman 'Yan Biyu. Ki gaya wa maigidan ya ci gaba da haƙuri da ɓarauniyar namansa. Ki gaya wa Zabuwa in na zo zan ƙirga inda masu gadinta suka ci yaƙi. Lukuta kuma ta daina nawa.

Na karanta wa mai dafa abincinmu wurin da kika ce jiki yana gane fuskar cuta. Ya ajiye ludayi ya ce shekararsa nawa yana yawo a teku bai ji abin mamaki kamar wannan ba. Wurin tawul kuwa ban karanta wa kowa ba, amma wannan karon na karanta shi har ƙarshe, na sake.

Akwai ɗankwalin Auta a ƙarƙashin matashina tun ranar da na hau jirgin nan. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ya daɗe da daina ƙamshinta, gishiri da man inji kawai yake yi, amma na kasa sa shi a ruwa. In mun sauka zan zo da shi. Ki wanke mini shi, Yaya, da hannunki, ki shanya a rana.

Ƙaninki,
Baban Zabuwa.